Yadda ake karanta zaman furanni a jikin kara, da abin da yake gaya wa manomi

'Yar ƙanena ce ta tayar da wannan zance. Makaranta ta tsaya musu tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, ta zauna gida a Mai Wurno tana bitar littafinta na ilimin halittu ita kaɗai. Wata rana da la'asar ta same ni ina ƙota fartanya, ta ce, "Baffa, wannan babi na nawra ya ƙi shiga kaina. Unƙud, sumbula, haima, hama, duk na haddace su, amma in ka nuna mini shuka ba zan iya ce maka ga wacce ba." Na ce, "'Yata, rufe littafin. Gobe bayan asuba ki bi ni gona."

Abin da littafin makaranta ke kira nawra da Larabci shi ne yadda furanni suke jeruwa a jikin karan da ya ɗauko su. Mu da Hausa kowane mun ba shi sunansa: zangarniyar dawa, nonon dabino, goyon masara, kan albasa. A nan zan riƙa cewa gungun furanni. Dalilin da ya sa na damu da shi kuwa bai tsaya ga jarrabawa ba. Furen da ya fara buɗewa shi ne zai fara nuna. Wanda ya san ta inda gungu ke farawa da inda yake ƙarewa ya san ranar yankan riɗinsa, ya san lokacin da ƙwaro zai afka wa dawarsa, ya kuma iya ajiye iri mai kyau, a shekarun nan da irin saye ya yi wuya ya yi tsada.

Mataki na farko: shiri

Ka nemi zare kala uku, ja da baƙi da fari, a yanka guntu-guntu. Ka ɗauki reza ko ƙaramar wuƙa, farar takarda, littafi da fensir. In akwai gilashi mai ƙara girma to madalla, in babu kyamarar waya ta wadatar, ka ɗauki hoto ka buɗa shi da yatsu. Ka fita tun raɓa ba ta bushe ba. Furen riɗi da na kuɓewa da na auduga da safe suke buɗewa, kafin yamma sun yanƙwane ko sun zube, dawa ma tun cikin dare zuwa hantsi take sakin bununinta. Wanda ya je bayan azahar gawar fure zai tarar.

Mataki na biyu: fure ɗaya ne ko taro ne?

Ka kama reshe, ka bi shi da yatsa daga ƙasa zuwa sama, ka nemo ganye na ƙarshe mai cikakken girma. A kusurwar da ganye ya haɗu da kara akwai wani lungu, littafin Larabci na ce masa ibɗi, wato hammata. Sunan ya dace, mu ma mu ce hammatar ganye. In fure guda ne ya fito daga kowace hammata, ganyayen kuma manya ne irin na sauran jiki, to wannan fure tilo ne. Haka kuɓewa take, haka yakuwa, wadda a kasuwa ake ce wa karkade, haka kabewa. Kuka ma furenta tilo ne, fari, yana reto a dogon tsinke, da daddare yake buɗewa jemagu su ziyarce shi. Riɗi wani iri fure ɗaya yake yi a hammata, wani uku.

In kuwa bayan ganye na ƙarshe ka ga kara ya ci gaba yana ɗauke da furanni da yawa, babu ganye a tsakaninsu sai 'yan ƙananan ɓawo, to gungu ne.

A nan shuka biyu za su yaudare ka. Ta farko furen rana da ake nomawa don mai a Gadarif da Damazin. Ido na ce maka ƙaton fure ɗaya ne, alhali ɗaruruwa ne a jere kan faifai guda. Tsaga shi biyu ka zare ƙwaya ɗaya daga tsakiya ka ɗora a farar takarda: ƙaramin bututu ne cikakke, da sassan namiji da na mace, shi ne zai zama tsaba guda. Rawayen filayen da ke gefe su ma furanni ne, sai dai ba sa haihuwa, aikinsu kiran zuma. Ta biyu ɓaure, wato jummaiz. Babu wanda ya taɓa ganin furen ɓaure a kan reshe, don kuwa a ciki yake. Abin da muke kira ɗan ɓaure kan kara ne da ya kumbura ya naɗe furannin a cikinsa, ya bar 'yar ƙofa a baki. Ƙananan ƙwarin da kake gani in ka ɓare shi ta wannan ƙofa suke shiga, su ne masu kai masa bununi.

Mataki na uku: nemo babba da auta

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Ka dubi ƙarshen karan gungun, can ƙoli. Me ke wurin?

In ƙananan toho ne kore da ba su buɗe ba, a ƙasa kuma furanni sun buɗe, can ƙasa sosai har 'ya'ya sun ƙullu, to karan bai gama tsawo ba. Babba na ƙasa, auta na sama, kuma muddin akwai ruwa da abinci zai yi ta ƙara ƙanne. Littafi na ce wa wannan nawra gair mahduda, mu ce gungu marar iyaka.

In kuwa a ƙolin ka tarar da furen da ya fi kowa tsufa, ya toshe kan karan, sauran kuma daga ƙarƙashinsa suke fitowa ta gefe, to mahduda ce, gungu mai iyaka. Misali mafi sauƙi shi ne fulla, farin furen nan mai ƙamshi da ake shukawa a tsakar gida. Yawanci uku-uku yake fitowa, na tsakiya ya riga na gefensa buɗewa.

Kada ka yanke hukunci da kallon rana ɗaya, gani ya kori ji amma gani sau uku ya fi. Yau ka ɗaura jan zare a daidai furen da ya buɗe. Gobe war haka ka ɗaura baƙi a sabon da ya buɗe, jibi fari. Rana ta uku ka tsaya ka dubi zaren: sama suka nufa, ko ƙasa, ko daga gefe zuwa tsakiya? Shukar ce da kanta ta ba ka amsa. Na ga yadda fuskar yarinyar nan ta sake ranar da ta ga zarenta uku sun hau karan riɗi kamar tsani.

Mataki na huɗu: tsinke da reshe

In gungun marar iyaka ne, tambayoyi biyu suka rage. Kowane fure yana da ɗan tsinken da ya riƙe shi, ko a manne yake da kara? Karan kuma ya yi rassa ko miƙe yake?

Kara miƙaƙƙe, kowane fure da tsinkensa: wannan ne unƙud. Dubi tsamiya ko filasko. Kara miƙaƙƙe, furanni a manne ba tsinke: sumbula ke nan. Dakwara, wato hashab mai ba mu ƙaro, furenta sumbula ne, fari-fari mai tsawon yatsa, haka gawo, haka wuta-wuta. Alkama da ake nomawa a Jazira lokacin sanyi sumbula ce ta ƙananan sumbuloli. In karan ya yi rassa, rassan ma suka yi nasu, unƙud ne mai rassa: mangwaro, dogon yaro, zogale, lalle, shinkafa, da dawa.

Akwai wanda duk tsinkayensa daga wuri ɗaya suke tashi, kamar ƙarafan laima. Sunansa haima, kuma kalmarmu ta laima daga nan ta samo asali, don haka wannan ba ya buƙatar hadda. Albasa laima ɗaya take yi a kan doguwar karanta mai rami. Karas da kayan ƙamshin nan shabat da kasbara laima suke yi wadda kowane tsinkenta ya ɗauki wata ƙaramar laima. Akwai kuma wanda tsinkayensa daga wurare daban-daban suka tashi, na ƙasa dogaye na sama gajeru, har furannin suka daidaita a sama kamar an shafe su da faifai. Wannan ya yi kama da laima daga nesa, sai ka leƙa ta ƙasa za ka raba su.

In aka rasa tsinke gaba ɗaya, furanni suka cunkushe a kan kara guda, hama ce, wato kai. Furen rana kai ne mai faɗi. Bagaruwa da dushe, wato sunuɗ da ɗalha, kai suke yi mai zagaye, rawaya, kamar tuntun hula. Ga abin da nake so yara su lura da shi: dakwara da bagaruwa dangi ne, duka masu ƙaya, amma ɗaya sumbula ɗaya tuntu, kuma da wannan kaɗai za ka raba su ko daga kan jaki.

Na ƙarshe shi ne wanda furanninsa ke manne a kara mai kauri, ɓawo babba ya lulluɓe su kafin su fito. Gwaza haka take. Dabino ma haka, sai dai nasa karan ya rabu tsinkaye da yawa a cikin kube mai tauri. Goyon masara na kusa da wannan: totuwa ce karan, kowace tsaba fure ce ta mace, kowane silin gemu na fure guda ne, mazan kuma suna can saman shukar.

Masu iyaka ba su kai waɗannan yawan rabe-rabe ba. Ko dai toho biyu su fito ƙarƙashin furen farko, kamar fulla, ko ɗaya tak. Mai ɗaya tak ɗin shi ke ba da lanƙwasa. Akwai wata ciyawa a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, da cikin hawasha, wato gonar ban ruwa, mai fararen furanni a jere gefe guda, karanta a naɗe kamar wutsiyar kunama, mutanen Jazira ma da wannan suna suke kiranta. Reshen auduga mai 'ya'ya kuwa in ka dube shi da kyau ba miƙe yake ba, gwiwa-gwiwa yake: kowace gaɓa ta ƙare da fure, sai sabuwa ta tsiro daga gefenta. Ɗoɗɗoya, wato raihan, zobe-zobe take jera nata a kowace gaɓa. Dangin aguwa da tinya kuma ƙaramin ƙoƙo suke yi mai kama da fure ɗaya, a cikinsa mace ɗaya da maza kewaye da ita. In za ka taɓa waɗannan ko tumfafiya ka kiyayi idonka, farin ruwansu na ƙuna ƙwarai, kuma kada a bar yara su yanka su.

Inda littafi da gona suka saɓa

Dole in faɗi wannan, don kada ka ɗaura zare ka zaci kai ne ka yi kuskure. Littafi ya sa dawa cikin masu rassa, kuma ƙa'idar da aka koya wa yara ita ce ƙasa ke fara buɗewa. Amma je ka dubi ire-iren dawa kamar feterita ko Tabat ko Wad Ahmad in sun fitar da kai: daga sama bununi ke farawa, yana saukowa ƙasa cikin kamar mako guda. Gero ma daga sama yake farawa, kuma fararen gashin mace ne ke riga fitowa, bayan kwana biyu ko uku bununin namiji ya biyo. Alkama daga tsakiya take farawa ta yi sama da ƙasa. Sunayen nan siffar gungu suke bayyanawa, ba dukansu ne ke faɗa maka tsarin buɗewa ba. Ga mai jarrabawa, ya rubuta sunan da aka koya masa. Ga manomi, zaren ya fi sunan gaskiya.

Mataki na biyar: kai shi gona

Riɗi shi ne babban malami. Yana fure daga ƙasa zuwa sama har makonni, don haka ranar da kwanson ƙasa ya nuna, na sama bai gama cika ba. Babu ranar da duka za su nuna tare, kada ka jira ta. Ka riƙa duba kwanson ƙasa: da zarar sun yi rawaya, ganyen ƙasa ya fara zuba, ƙwayar ciki ta yi launinta, ka sa lauje tun bakinsu bai tsage ba. A ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye kai sama a wuri mai tsabta, su ƙarasa bushewa, sannan a kifa su a kan shimfiɗa a kaɗe. Shekarar da na yi jinkirin kwana huɗu ina jiran na sama, na ƙasa ne suka zube, kuma su ne suka fi nauyi. Duk wanda ya yi kakar riɗi a Gadarif ya san gudun da ake yi a watan Oktoba, wannan ne dalilinsa.

Wuta-wuta, da ake ce wa buda, tsarinta ɗaya da riɗi amma darasin a juye yake. Lokacin da kake ganin jan furenta a sama kana cewa da saura, kwanson ƙasa sun kusa fashewa. Shuka ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi masu laushin ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar dawa. Ka cire ta da zarar furen farko ya buɗe, ka fitar da ita daga gonar ka ƙone. In ka tuge ta ka yar a kunya, za ta ƙarasa nuna a nan inda ka yar da ita.

Dawa tana da abubuwa uku. Na ɗaya, ƙaramin ƙudan nan da ake kira masih yana saka ƙwai ne a furen da ke buɗe a wannan safiyar kaɗai, tsutsarsa ta cinye tsabar tun tana ruwa, ka ga zangarniya tsaye ba ido. Ka zagaya da hantsi lokacin bununi, ka dubi daidai inda zoben furen ya sauko, za ka gan shi, ɗan ja-ja. Yana hayayyafa cikin mako biyu zuwa uku, shi ya sa gonar da ta makara da fure ita ke kwasar na maƙwabta duka, kuma shi ya sa shuka lokaci guda da maƙwabta ya fi magani araha. Na biyu, in kana son irinka ya tsaya tsantsa, ka zaɓi kawuna masu kyau tun suna leƙowa daga ciki, kafin bununi ya bayyana a ƙoli, ka sa musu jakar takarda ka ɗaure bakin. Kada ka sa leda, gumi zai ruɓar da su. Dawa na iya wadatuwa da bununin kanta, jakar na tare wanda iska ke kawowa. Bayan kamar mako biyu ka cire, ka lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda jan-baki. Na uku, in za ka duba ko ta nuna, ciro tsaba daga gindin zangarniya, don ita ce auta. In ka ga baƙin ɗigo a inda take manne, duk kan ya gama cika.

Gero kuwa kada ka yi masa jaka. Tun da macensa ke riga namiji, tsarinsa shi ne ya karɓi bununi daga wata shuka, in ka tilasta masa na kansa 'ya'yan za su yi rauni. Ka zaɓi kawuna masu yawa daga tsakiyar gona ka haɗa.

Irin aure, wato wanda aka haɗa daga iri biyu, kamar dawar Hajin Dura 1, wanda aka fitar a nan Sudan a 1983 daga aikin Gebisa Ejeta da masu bincike na Madani, da wannan ilimi ake yin sa: layin uwa da ba ya bununi, layin uba a gefensa, a daidaita shukarsu su yi fure tare. Shi ya sa ba a ajiye iri daga girbinsa, 'ya'yan rarrabuwa suke yi.

Masara gemun gindin goyo ne ke fara fitowa, na baki ya zo ƙarshe. In ka ga goyo bakinsa ba ido, ƙishirwa ce ta same ta a kwanakin gemu ko bununi ya ƙare kafin auta ta fito. Ka shuka ta layi da yawa a dunƙule, kar ka ja dogon layi ɗaya a bakin gona, kuma in ban ruwa kake yi kada ka yi fashi a wannan mako. Gyaɗa kuma furannin da ke kusa da ƙasa su ne masu amfani, don bayan fure wani tsinke ke fitowa ya nutsa cikin ƙasa ya ƙulla kwanso, na sama sosai ba sa kaiwa. Ka gama noma kafin tsinkayen su fara shiga, bayan nan fartanya ɓarna take yi.

Mai son irin albasa, kamar 'yan'uwanmu na Kasala, ya san laimarta ba rana ɗaya take buɗewa ba, makonni take ɗauka, zuma da ƙudaje ne masu aikin. Kada a yi feshi tana fure. Ka yanke kai idan wasu kwanson sun buɗe baƙin iri ya bayyana, ka haɗa da ɗan kara, ka shanya a inuwa kan zane, ka dawo bayan kwana biyu ka yanki waɗanda suka biyo baya. Irin albasa ba ya jure zafi, ka shuka shi a shekarar da ke biye. Furen rana ma zuma yake so, yana buɗewa zobe-zobe daga gefe zuwa tsakiya, kuma in ruwa ya yanke tsakiyar ce ke zama fanko.

Dabino namiji daban mace daban. Masu aiki a gonakin arewa wajen Dongola, da 'yan'uwa da ke gonakin Madina, sun san aikin: idan kuben mace ya tsage, cikin kwana biyu zuwa huɗu a hau, a ɗauko tsinkaye kaɗan daga kuben namiji da ya nuna, a kifa su kai ƙasa a tsakiyar na mace, a ɗaure sako-sako. Namiji ɗaya na isar mata wajen hamsin in da hannu ake yi. Kubbunan bishiya ɗaya ba sa tsagewa tare, don haka hawa ɗaya ba ya isa.

Mataki na shida: ajiye abin da ka gani

Ka yanko gungu ɗaya daga kowace shuka tare da ganye biyu na ƙasansa, ka shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu ko kwali, ka danne da katako da dutse. Kullum ka sauya takardar har kwana uku, bayan nan duk kwana biyu, cikin mako biyu ya bushe. Masu kauri kamar furen rana sai an tsaga su. A gefen kowanne ka rubuta sunansa da Hausa da Larabci, wurin da ka samo shi, da kwanan wata. Sannan ka zana shi da sanda-sanda: layi ɗaya kara, ƙananan layuka tsinkaye, da'ira furanni, babbar da'ira ga babba, ƙarama ga auta, ka sa lamba 1 a wanda ya fara buɗewa.

Ga gonarka kuma ka ware shafi guda: ranar shuka, ranar furen farko, ranar da rabin gonar ta yi fure, ranar yanka. 'Yar ƙanena yanzu ita ke riƙe da wannan littafi. Shekaranjiya ta leƙo zaure ta ce, "Baffa, riɗin gabas ya kwana arba'in da ɗaya ya yi furen farko, na yamma har yau shiru." Na ce ta je ta duba ko ruwa na kwanciya a wannan ɓangaren, ta tafi da zarenta.